Yadda na magance yankewar oksijin a ɗakin yara na asibitinmu da damina

Farkon damina a Zariya, guguwa kan kayar da turakun wuta, sai na'urorin tace oksijin su mutu gaba ɗaya. Janareta kuwa yana ɗaukar mintoci kafin ya tashi, ga yaro mai ciwon huhu kwance, oksijin jininsa ya sauka ƙasa da kashi 90.

Na raba layin wutar na'urorin da na sauran asibitin, na ɗora su kan inbata da batir da sola ke caja. Wuta na ɗaukewa, ko ƙiftawa ba sa yi.

Sai wata matsalar da ba a gani da ido. Na'urar tana zuƙar iskar ɗaki, mai oksijin kashi 21, ta tace naitirojin, ta ba da sama da kashi 90. Danshi yana lalata garin zeolite da ke wannan tacewar, sai na'ura ta riƙa gurnani tana ba da iska marar ƙarfi. Wannan ya fi tayar min da hankali. Na ɗaga na'urorin daga ƙasa, nesa da taga, ana wanke matatar ƙura ta waje kowane mako, ina auna ƙarfin iskar.

Silindar oksijin cikakkiya kuma tana ɗaure a bango kusa da kowane gado, da sifanar buɗe ta a rataye.