Yadda ake zaɓen kibod ɗin makanikal don rubutun yau da kullum

Mai wuni yana buga rubutu a kwamfuta, yatsunsa na danne-danne ba adadi kafin yamma, don haka bai kamata ya raina abin da yake dannawa ba. Yawancin kibod ɗin da ke zuwa tare da kwamfuta shimfiɗar roba ce guda ɗaya a ƙarƙashin madannan duka, kuma sai an danne har ƙasa harafi ke fitowa. Na makanikal kuwa, kowane madanni da makunninsa mai sifirin a ciki. A makunnin Cherry MX na asali, wanda kamfanin Cherry na Jamus ya fito da shi a farkon shekarun 1980, madanni na nutsewa milimita 4, amma harafi na fita tun a wajen milimita 2. Da zarar hannu ya saba, yatsa zai daina dukan ƙasa, kuma daga nan sauƙin yake zuwa.

Fara da makunni, domin a nan zaɓin yake. Iri uku ne, ana gane su da launin ɗan sandan da ke ƙarƙashin murfin madanni. Ja yana sulalewa sumul daga sama har ƙasa, ba abin da zai tare yatsa. Mai ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiya: za ka ji ya ɗan tirje, sai ya sake, kuma daidai wurin harafi ke fita. Shuɗi ma yana da tudun, ya kuma ƙara da ƙara mai kaifi, ƙas-ƙas, a kowane danni. Kamfanoni irin su Gateron da Kailh sukan bi wannan tsari na launi, amma ba a duk makunnansu ba, saboda haka karanta bayanin da ke jikin kwali.

Ga mai rubutu tsawon yini, ni mai ruwan ƙasa nake fara ba wa shawara. Tudun nan yana gaya wa yatsa cewa aiki ya kammala, ya ɗago ya wuce harafi na gaba. Shuɗi akwai daɗin bugawa, ban musa ba, amma idan da mutane a ɗakin da kake aiki, ko kana yawan taro ta bidiyo, ka tausaya musu.

Duba nauyin dannin kuma. Jan Cherry na bukatar ƙarfin kimanin giram 45, mai ruwan ƙasa kimanin 55 a kan tudunsa, shuɗi wajen 60. A takarda bambancin kamar ba komai, amma ƙaramin yatsa ne zai ba ka labari bayan awa uku. Mai nauyi yana gajiyar da shi. Mai laushi ƙwarai kuma, ka ɗora yatsu kana tunani, sai ka tarar da jerin harafi ɗaya ya cika layi.

Kada ka saya da ido kawai. Idan ka samu dama, zauna ka buga jimla biyar ko shida yadda ka saba, ba danna madanni ɗaya da manuniya ba. Gwada haruffan gefe da ƙaramin yatsa. Sannan taɓa dogon madannin tazara a ƙarshensa na dama, ka sake taɓa na hagu. A ƙarƙashinsa akwai wata 'yar waya da ke daidaita shi. Idan ka ji tana kwaramniya ko gefe ɗaya na maƙalewa, aikin ba mai kyau ba ne, kuma wannan ne madannin da babban yatsanka zai fi kowanne bugawa. Inda ba halin gwaji, ana sayar da ɗan allo mai ɗauke da makunnai iri-iri don a ji kowanne.

Mataki na gaba shi ne faɗi. Cikakken kibod na da madannai 104 ko 105, da rukunin lambobi a dama. Rukunin nan yana tura linzamin kwamfuta nesa, sai ka wuni hannu a miƙe, kafaɗa a buɗe, yamma ta yi kana jin tsami. In ba aikin lissafi kake yi ba, ɗauki wanda aka cire masa lambobin gefe, mai madannai 87. Akwai ƙanana da ake kira kashi 75 da kashi 65, waɗanda ba a cire musu madannan kibiya ba. Na kashi 60 ba shi da kibiyoyin, sai an haɗa madannai biyu, abin da ke wahalar da mai gyaran rubutu. Lura da siffar madannin Enter ma: a tsarin ANSI a kwance yake, a na ISO dogo ne mai cin layi biyu. Zaɓi wanda hannunka ya sani.

Tsayi shi ne abin da ake yawan mantawa. Kibod ɗin makanikal ya fi na yau da kullum tudu, kuma idan ka kwantar da tafin hannu a tebur, wuyan hannu zai lanƙwashe sama. So ake ya tsaya a miƙe, daidai da damtse. Nemi siririn kibod mai gajerun makunnai, ko ka sa matashin hannu a gabansa, kuma bar ƙafafun nan biyu na baya a naɗe, don buɗe su ƙara lanƙwasar yake yi. Wanda yake jin yatsunsa na mutuwa ko zugi da dare, likita ya kamata ya gani, sabon kibod ba magani ba ne.

Saura ƙananan abubuwa. Murafun robar ABS sukan yi santsi da sheƙi bayan an daɗe ana bugawa, na PBT sun fi jurewa. Idan kibod ɗin na barin a zare makunni a sauya wani ba tare da narka dalma ba, ya cancanci ƙarin kuɗin, domin makunni ɗaya ya lalace shi kaɗai za ka canza. Mai waya ba ruwansa da caji; mai Bluetooth na sauƙaƙa sauyawa tsakanin na'urori, amma fitilu masu launi na shanye masa batir. Tabbatar yana aiki da Windows ko Mac, gwargwadon abin da kake da shi.

Bayan ya iso, ba wa hannunka 'yan kwanaki, kana koyon ɗago yatsa da zarar harafi ya fita. Ranar da za ka share ƙura, ɗauki hotonsa kafin ka zare murafun, don ka san inda kowanne zai koma.