Kurakuran da aka fi yi wajen tura majinyaci sashen gashi

Aikina bin kadin majinyaci ne tun daga gadon asibiti har ya koma gida: in haɗa likita da likitan gashi (mai aikin dawo da motsin gaɓoɓi da ƙarfin tsoka), in zauna da dangi, in bi masu biyan kuɗin magani. Takardar turawa da ta fi zuwa hannuna layi ɗaya ce tal, "A yi masa gashi", sai sa hannu da hatimi. Ba a faɗi abin da ya same shi ba, balle yaushe, balle abin da ake so a cimma.

Kalmar gashi kanta tana jawo mana matsala. Da mutum ya ji ta, hankalinsa kan ruwan zafi da tsumma yake tafiya, sai ya ce to me zai kai shi asibiti, ai uwargida ma ta iya. Alhali zuwan farko dubawa ce. Likitan gashi zai gwada ƙarfin tsoka, ya ga iya inda gaɓa take lanƙwasuwa, ya duba ko fata tana jin taɓawa, ya ga ko mutum zai iya zama ko tsayuwa ba tare da ya faɗi ba. Daga nan ne yake tsara abin da za a yi, kuma sau da yawa motsa jiki ne, ba zafi ko kaɗan. Don haka a rubuta cewa an turo shi a duba shi, a kuma faɗa wa dangi haka da baki. In ba a faɗa ba, za su koma gida suna cewa an karɓi kuɗinsu ba a yi komai ba.

Abin da ya kamata takarda ta ɗauka ba shi da yawa: ciwon da ranar da ya fara, tiyatar da aka yi da ranarta, magungunan da yake sha, da hoton ƙashi in akwai. Wanda aka sa wa ƙarfe a ƙafa, dole likitan tiyata ya rubuta ko an yarda ya taka, da iya nauyin da zai ɗora. In babu wannan layin, likitan gashi mai hankali ba zai tsayar da shi ba, an yi asarar kuɗin mota ke nan. Haka kuma a ambaci ciwon suga, domin mai shi ƙafarsa kan daina jin zafi, yana iya ƙonewa bai sani ba. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, akwai injinan lantarki da ba a sa masa. Mai sikila da ke kukan ƙugu ma a rubuta, don yana iya zama kan ƙashin cinyar ne ya fara lalacewa saboda rashin isar jini.

Amma kuskuren da ya fi ci min rai shi ne jinkiri. An taɓa shigo min da wani dattijo, 'ya'yansa biyu sun tallabo shi daga adaidaita sahu. Hannunsa na dama ya naɗe a ƙirji, yatsun sun dunƙule har farce ya fara cin tafin hannun. Na ce, "Baba, yaushe abin ya same ku?" Bakinsa bai fita sosai, sai 'yarsa ta amsa, "Tun kafin azumi ne, ranka ya daɗe. Cewa aka yi mu bari ya ji sauƙi tukuna." Da na ƙirga, wata 5 ke nan. A shanyewar ɓarin jiki, farfaɗowa ta fi sauri a wata 3 na farko, bayan wata 6 kuma tafiyar takan yi nauyi. Ba a jira a sallami mutum. Da zarar likita ya ce jikinsa ya daidaita, tun yana kan gado ake kiran likitan gashi, a koya wa masu jinya yadda za su riƙa juya shi duk bayan awa 2 don gudun gyambon kwanciya, da yadda za su ɗaga shi ba tare da jan hannun da ya shanye ba. Kafaɗar dattijon nan ta riga ta sauka daga gurbinta, kuma ƙauna ce ta jawo: kullum da wannan hannun ake janyo shi a zaunar. Ya samu sauƙi daga baya, yana takawa da sanda, amma yatsun ba su buɗe ba.

Haka jaririn da aka haifa hannu ɗaya ba ya motsi, da yaron da ya fara jan ƙafa bayan allura a ɗuwawu. Su ma ba a ce musu "zai ware da kansa".

Akwai kuma akasin haka, wato tura wanda ba gashi yake buƙata ba. Ciwon baya da ya zo da riƙewar fitsari ko zubarsa ba sani, ko mutuwar fata tsakanin cinyoyi, na gaggawa ne, a ranar ake son likita ya gan shi. Ciwon baya da zazzaɓin dare da rama, a fara binciken tarin fuka na ƙashin baya, wanda ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Sha-raɓa da ta kumbura ta yi ɗumi bayan doguwar kwanciya kuwa, kada kowa ya matsa ta, gudan jini yana iya ɓallewa ya tafi huhu.

Sai batun kuɗi, wanda likitoci ba sa son shiga, kuma nan ne tura majinyaci kan lalace. Mai inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) yana buƙatar lambar izini daga kamfanin da ke kula da inshorarsa (HMO) kafin ya je, asibitin da yake rajista ne zai nemo masa. A tambayi zama nawa aka amince, kada a yi tsaka da aiki a ce izini ya ƙare. Wanda ya ji rauni a wurin aiki, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba shi kwana 14 ya sanar da wanda ya ɗauke shi aiki, hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ce ke riƙe da asusun diyyar. Yawanci ba wanda ke tuna masa sai lokaci ya wuce.

Kuma ba kowa ne sai Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano ba. Gashi ba zuwa ɗaya ba ne, sau biyu ko uku a mako ake yi, wani har watanni. Mutumin da zai hau mota biyu kafin ya iso zai zo sau uku ya gaji. A nemo mafi kusa da shi, a tabbata dai mai aikin yana da lasisin MRTB, hukumar da ke yi wa likitocin gashi rajista, don masu tausa da farin kwat sun yi yawa. In dangi sun riga sun je wurin mai ɗori, a tambaya cikin mutunci a rubuta. In aka yi musu faɗa, ɓoyewa za su yi.

Ni yanzu ba na rufe fayil don na miƙa takarda. Nakan karɓi lambar waya biyu, ta majinyaci da ta wanda ke kwana da shi. Bayan mako guda in kira in ji ko sun je, sannan in leƙa sashen gashi in karɓo abin da suka gano a rubuce, in sa a fayil kafin ranar da likita zai sake ganinsa.