Yadda ake tsirar da irin tsirran magani a Damagaram ba tare da zafi ya kashe su ba

Mafi yawan masu fara renon itatuwa da ganyayen magani a Damagaram, idan iri ya ƙi fitowa ko tsiro ya mutu yana ƙarami, wanda ya sayar musu da irin a kasuwar Dole suke ɗora wa laifi, ko kuma su ce ruwa ne ya yi kaɗan, sai su ƙara ruwa har abin da ya rage ya ruɓe. A abin da na gani a lambuna da cikin gidaje, zafin ƙasa ne yake kashe mafi yawa, kuma shi ne ba wanda yake aunawa. Kowane iri yana da iyakoki uku. Akwai sanyin da ba ya motsi a ƙasa da shi, akwai ɗumin da ya fi saurin tsira a cikinsa, akwai kuma zafin da idan aka wuce shi ko dai ya ƙi tsira ko ya mutu. Aikin mai reno shi ne ya riƙe ƙasar da irin yake ciki a tsakanin iyakokin nan, a garin da zafin iska yake kaiwa digiri 40 ko fiye a Afrilu da Mayu, yake kuma sauka zuwa wajen digiri 15 ko ƙasa da haka a dararen Disamba da Janairu.

Mataki na farko shi ne a raba irin da ke hannu gida biyu tun kafin a cika leda ko ɗaya. Akwai masu son ɗumi, wato zogale, bagaruwa, kuka, tsamiya, aduwa, magarya, dogon yaro, filasko da yakuwa, waɗanda galibinsu sun fi tsira idan zafin ƙasa yana tsakanin digiri 25 da 35. Akwai kuma masu son sanyi, kamar habbatus sauda, hulba da tazargaden da masana suke kira Artemisia annua, waɗanda suka fi son ƙasar da ke tsakanin digiri 15 da 25. Duk mai lambu a Mirya ya san cewa irin salati yana ƙin fitowa da bazara ko da an cika shi da ruwa, domin da zarar ƙasa ta haura wajen digiri 30 sai ƙwayar ta kwanta ta ƙi motsi. Haka habbatus sauda take, don haka wanda ya zuba ta a Afrilu ya yi asarar irinsa tun ranar da ya zuba. Masu son sanyi daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ake shuka su a nan, domin su girma cikin hunturu su kai ga girbi kafin zafi ya dawo.

Mataki na biyu ya shafi inda iri ya kwana kafin ranar shuka. Masana iri suna da wata ƙa'ida da suke aiki da ita, cewa ga busasshen iri, duk digiri 5 da aka rage a zafin ma'ajiya yana ninka tsawon ransa. Wanda ya rataye irin zogale cikin leda a ɗakin kwano daga kaka zuwa bazara ya riga ya rage masa ƙarfi. A shanya iri a inuwa har ya bushe sarai, a zuba shi a kwalba mai murfi, a ajiye a ƙasa cikin ɗakin ƙasa ko a bayan randa inda rana ba ta zuwa. Dogon yaro ba ya cikin wannan lissafi, domin irinsa ba ya jure ajiya: cikin makonni kaɗan yake mutuwa, sanyin firji kuma yana lalata shi idan yana da danshi. A tsinci ƴaƴan da suka nuna suka faɗo, a wanke naman, a shuka cikin kwanakin.

Mataki na uku shi ne gwaji da awo. A ɗauki ƙwaya 20, a naɗe su cikin jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa cikin ɗaki, a riƙa yayyafa ruwa. Idan 15 ko fiye suka fasa, irin yana da rai, kuma idan daga baya ya ƙi fitowa a leda, ba a kasuwa matsalar take ba. Game da awon zafi, ba lallai sai an nemi ma'aunin ƙasa na musamman ba. Ɗan ma'aunin zafin jiki mai batir da ake sayarwa a kantin magani, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ya isa a fara da shi, duk da cewa daga wajen digiri 32 zuwa 42 kawai yake nunawa. A soka bakinsa cikin ƙasar ledar daidai zurfin da iri zai kwanta, tsakanin azahar da la'asar. Idan ya nuna alamar cewa zafin ya wuce iyakar abin da ma'aunin yake iya nunawa, wurin bai dace da iri ba, kowane iri ne kuwa. Awon safe ba ya gaya wa mutum komai, domin da safe ko'ina lafiya yake.

Mataki na huɗu shi ne inda ake amfani da zafi da gangan. Irin bagaruwa, kuka da filasko suna da ɓawo mai tauri wanda ruwa ba ya ratsawa, shi ya sa sukan yi watanni a ƙasa ba su tsira ba. Ga bagaruwa da filasko, a tafasa ruwa, a sauke shi daga wuta, a zuba a kan irin, a bar su tare su kwana har ruwan ya huce. Ba a dafa iri a kan wuta, kuma wannan kuskure ne da masu gaggawa suke yawan yi. Da safe a ware waɗanda suka kumbura a shuka su nan take, waɗanda ba su kumbura ba a ɗan kankare gefensu da zarto ko abin yanke farce a sake jiƙawa. Ni ga kuka kankarewar nake ba da shawara tun farko, domin ɓawonta ya fi kauri. Wanda yake neman irin bagaruwa da yawa ya tambayi majema, tunda da kwasfar suke jima, ko kuma ya tsinta a garken awaki, inda wanda ya bi ta cikin dabba ya riga ya yi laushi. Zogale, yakuwa, hulba da habbatus sauda kuwa ruwan zafi yana kashe su. Zogale ruwan sanyi na dare ɗaya ya ishe shi.

Mataki na biyar shi ne shukar kanta. Zogale ana binne shi santimita 1 zuwa 2, kuma idan ƙasa tana da ɗumin da yake so yana fitowa cikin kwana 5 zuwa 12. Wasu sukan zurfafa iri da niyyar ɓoye shi daga zafi, sai ƙarfinsa ya ƙare kafin ya iso sama. Maganin zafi a saman ƙasa ake yin sa, da inuwa da lulluɓi. Tazargade ba a binne shi ko kaɗan, domin ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, giram ɗaya yana ɗauke da fiye da 10,000, kuma yana buƙatar haske kafin ya tsira. A gauraya shi da tankaɗaɗɗen rairayi, a barbaɗa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, a riƙa feshi a hankali.

Mataki na shida shi ne wanda ya fi kowanne cinye tsirrai, wato makonni biyu na farko bayan fitowa. Matsalar ta samo asali ne daga kalandar kanta. Itacen da za a dasa da damina, a Yuli ko farkon Agusta, yana buƙatar wata uku zuwa huɗu a leda, wanda ke nufin dole a shuka shi a Maris ko Afrilu, daidai lokacin da rana ta fi ƙuna. Busasshen rairayi da ke fuskantar rana a wannan lokacin yana wuce digiri 50 da tsakar rana, ko da iska tana digiri 40. Masu bincike a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun daɗe suna nazarin yadda irin wannan zafin ƙasa yake kashe tsiron hatsi, to balle ɗanyen tsiron zogale da karansa duk ruwa ne. Zafin yana ƙona wuyan tsiron daidai inda ya taɓa ƙasa, wurin ya ƙanƙance ya yi duhu, tsiron ya kife alhali ganyensa yana kore. Mai shi yana ganin haka sai ya ɗauka ƙishirwa ce.

Baƙar leda tana ƙara tsananta abin. Tana shan rana ta gefe, saiwar da ta kai jikin ledar ta dahu, shi ya sa layin da ke bakin yamma yake fara mutuwa yayin da na tsakiya suke tsaye. Duk wanda ya ga mutuwa ta bi gefe ɗaya na jerin ledojinsa, to ya san rana ce. Abin yi shi ne a haƙa rami mai zurfin tsawon ledar, a jera su ciki a manne da juna, a tura ƙasa ta rufe gefen na waje. Kada a jera leda a kan siminti, ko a gindin bangon da rana take duka da yamma, ko kusa da duwatsun nan da suka cika unguwar Birni da kewayenta, domin suna riƙe zafi su yi ta fitar da shi har cikin dare, tsiro kuwa yana buƙatar sanyin dare ya huta. Idan dare ya yi zafi, abincin da ganye ya haɗa da rana yana ƙonewa a numfashi maimakon ya tafi ga girma.

Sai rumfa. A kafa ta da tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi domin iska ta ratsa, a rufe da zana ko karan hatsi da aka jera sakwa-sakwa yadda kamar rabin haske zai sauko, a kuma saukar da wata zanar ta gefen yamma. Kwano ko baƙar leda ba rumfa ba ne a wannan aiki, domin suna sauko da zafi a kan tsiron. Inuwa mai duhu ita ma tana da nata lahani, tsiro yakan yi tsawo ya sirance ya yi fari, ranar da ya ga rana kuma ya faɗi. A kan ƙasar ledar a shimfiɗa ɗan ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa ba mai kauri ba, kada ta taɓa wuyan tsiron, a kuma riƙa ɗagawa ana duba gara.

Ban ruwa da bazara sau biyu ne, da sassafe da kuma bayan la'asar sakaliya. A taɓa ruwan da hannu kafin a zuba, domin ruwan da ya wuni cikin jarka ko tiyo a rana yana iya ƙona saiwa. Na san ruwa abu ne mai tsada a garin nan, kuma wanda yake saye a wurin ƴan garuwa ba zai so jin an ce ya zuba a ƙasa ba, amma ɗan abin da aka yayyafa wa zana da ƙasan rumfa da azahar yana sauke zafin wurin fiye da ninkin ruwan da za a ƙara cikin leda. Ƙarin ruwa a cikin leda mai zafi yana jawo wata cutar daban, wato fumfunar ƙasa da ke ruɓar da wuyan tsiro. Ana bambanta su da taɓawa: wuyan da rana ta ƙona a bushe yake, wanda fumfuna ta ci kuwa yana da laushi da danshi. Idan na biyun ne, a rage ruwa, a cire waɗanda suka kamu tare da ƙasarsu, a buɗe wa iska hanya.

Mataki na bakwai na masu reno da hunturu ne. Zogalen da aka shuka a Disamba yana jinkirin fitowa, kuma irin da ya daɗe cikin ƙasa mai sanyi da laima ruɓewa yake yi, don haka ni ina ganin gara a jira ƙarshen Fabrairu. Wanda ya matsu ya ajiye ledojin inda rana take samu, ya kafa zana ta gabas da arewa saboda iskar hunturu, ya lulluɓe da buhu da dare, ya kuma bar ban ruwa sai hantsi. Hulba da habbatus sauda ba sa buƙatar komai daga wannan, a fangali ake zuba su kai tsaye, tunda ba sa son dashe.

Mataki na ƙarshe shi ne sabar da tsiro da rana. Idan ya yi ganye sosai kuma karansa ya fara tauri, a fara janye zana da safe, bayan kwanaki a bar ta da tsakar rana kawai, sannan a cire gaba ɗaya kamar mako biyu kafin dashe, ana rage ruwa kaɗan-kaɗan. A riƙa ɗaga ledojin lokaci-lokaci kada saiwa ta huda ta kama ƙasa. Dashe da yamma ake yi, bayan ruwan sama mai ƙarfi ya jiƙa ƙasa, a yanke ledar da reza ba tare da an fasa ƙasar da ke riƙe da saiwa ba, musamman ga zogale.