Yadda Ake Lissafin Kumbo Mai Juyawa, Daga Bokitin Ruwa

Duk shekara sai wani ɗalibina a nan Kaduna ya ɗauki aikin kumbo mai juyawa don baje kolin kimiyya, kuma wuri ɗaya suke tuntuɓe. Matsalar dai sananniya ce: ɗan sama jannati da ya daɗe a sama, ƙashin ƙugunsa da na ƙafa na zaizayewa kusan kashi 1 cikin 100 duk wata, ga kuma motsa jiki na awa 2 kullum a tashar ISS, wato tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Zuwa duniyar Mars kaɗai wata 6 zuwa 9 ne. Dabarar ita ce a juya kumbon kamar majaujawa, bango ya tokare mutum, jiki ya ji nauyi.

Fara da bokiti. Ka samo ƙarami a Kasuwar Barci, amma ka ja mariƙin da ƙarfi kafin ka biya. Nawa ya taɓa tsinkewa, na jiƙa 'yan layin gaba sharkaf a tsakiyar hunturu. Zuba ruwa rabi, ɗaura igiya, hannunka da igiyar su kai mita 1. Wulwula shi ta saman kai, zagaye ɗaya cikin ƙasa da daƙiƙa 2. Ko ɗigo ba zai zuba ba, don gindin bokitin na tokare ruwan kamar yadda bangon kumbo zai tokare mutum.

Sai lissafi. Gudun juyi sau kansa, sau nisa daga tsakiya, ya ba ka 9.8, wato nauyin da muke ji a ƙasa. A nan ake faɗuwa. Yaro zai ce zagaye 2 a minti, ya ninka ya samu 4, ya raba 9.8 da 4, ya zo mini da mita 2.45 yana washe baki. Wannan ko shagon mai shayi bai kai ba! Dole ka fara ninka yawan zagayen da 0.105, ya koma radiyan a daƙiƙa, wato ma'aunin gudun juyi da lissafin ke buƙata. Amsar gaskiya kusan mita 224 ce. Zagaye 4 kuwa mita 56.

Ni ba na karɓar abin da ya wuce zagaye 4. Wanda ya yi wasan hajijiya ya san dalili: da ka waiga, ruwan cikin kunne ya rikice, sai jiri da tashin zuciya.

Samfurin kuma kada ka ɓata kuɗi, tsohon garen keke da kwali sun isa. In alƙalai suka tambaya ko an taɓa gwadawa, ka ce a 1966 an ɗaure Gemini 11 da wani kumbon da igiya mai mita 30 aka juya su, nauyin da aka samu ɗan mitsitsi ne.