Kurakuran da aka fi yi wajen amfani da kalmar "get" ta Turanci, da yadda ake gyara su

Duk wanda ya fara koyon Turanci, tun a makonnin farko ake gaya masa cewa "get" na nufin samu, shi kuma sai ya riƙe wannan fassara guda ɗaya ya yi ta tafiya da ita shekara da shekaru. Fassarar ba ƙarya ba ce, amma kaɗan ce daga cikin aikin da kalmar take yi. Bai kamata wannan ya ba mai jin Hausa mamaki ba, domin muna da irinta a bakinmu, wato "ci". Mutum yakan ci abinci, ya ci jarrabawa, ya ci bashi, ya ci amana, ya ci gaba, kuma ba wanda yake tsayawa ya tambaya ko an tauna jarrabawar kafin a ci ta, saboda kalmar da ta biyo baya ita ce take yanke ma'ana. Haka "get" take, kuma mafi yawan kurakuran da ake yi da ita suna faruwa ne idan aka dube ta ita kaɗai, aka manta da abin da ke binta.

Kuskuren da na fi cin karo da shi shi ne sa "get" a wurin "have". An taɓa kawo mini wata takardar neman aiki in duba, rubutu tsaf, an ware sakin layi yadda ya kamata, amma a layi na uku mai takardar ya rubuta "I get five years of experience", alhali yana so ya ce yana da gogewar shekara biyar. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne "I have five years of experience". Hausa ma ta raba waɗannan biyun sarai: "na samu mota" labari ne na lokacin da motar ta shigo hannu, "ina da mota" kuwa bayani ne na halin da ake ciki. To "get" ta ɓangaren farko ce, "have" ta na biyu. Shi ya sa "I get a salary every month" daidai ne, tunda albashin yana shigowa ne wata bayan wata, amma "I get two children" ba ya nufin mutum yana da 'ya'ya biyu.

Abin da yake ƙara dagula lissafin shi ne "have got". Duk da kamar shuɗaɗɗen lokaci da take da ita, "I have got a car" ba ta nufin komai sai "ina da mota" a yanzu. Idan za a yi tambaya, ko dai a ce "Have you got a pen?" ko a ce "Do you have a pen?", amma ba a haɗa su a ce "Do you have got". Idan kuma mallakar ta wuce, "I had a car" ake cewa. Akwai kuma "have got to", wadda ba ta da alaƙa da mallaka ko kaɗan, domin "I have got to go" na nufin dole in tafi.

Daga nan sai "gotten", wadda mutane da yawa suke ɗauka cewa ita ce siffar da ta fi nuna ilimi, suna cusa ta ko'ina. Tarihinta yana taimakawa wajen gane matsayinta. Kalmar "get" ta shigo Turanci ne wajajen shekarar 1200 daga "geta" ta tsohon harshen mutanen Sikandinabiya, waɗanda suka zauna a arewaci da gabashin Ingila tun daga ƙarni na 9. A da can "gotten" sananniyar siffa ce a Ingila, waɗanda suka ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 17 suka tafi da ita suka riƙe, su kuma mutanen Birtaniya suka koma "got", sai ɓurɓushinta ya rage musu a kalmomi irin su "forgotten" da "ill-gotten". Saboda haka a yau Ba'amurke yana da jimla biyu masu ma'ana daban: "I've got money", wato ina da kuɗi, da "I've gotten money", wato na samo kuɗi. Wanda ya ce "I have gotten two brothers" da nufin yana da 'yan'uwa maza biyu ya yi kuskure a Turancin ƙasashen biyu duka. Haka nan "gotten" ba ta tsayawa ba tare da "have" ko "had" ba, don haka "I gotten it yesterday" ba magana ba ce, "I got it yesterday" ake cewa. Shawarata ga mai rubutu ita ce ya zaɓi Turancin ƙasa ɗaya ya tsaya a kansa har ƙarshen takardarsa.

Ma'anar da fassarar "samu" ta fi ɓoyewa ita ce ta sauyin hali. Idan sifa ce ta biyo bayan "get", to ana nufin abu ya zama haka ko ya fara zama haka: "It is getting dark" na nufin duhu ya fara yi, "He got angry" kuma ya fusata. A nan harshenmu yana jan mu zuwa kuskure, domin mu da suna muke faɗin waɗannan abubuwa, mukan ce jin yunwa, jin haushi, jin tsoro, sai mai koyo ya ɗauko sunan ya ce "I got hunger" ko "She got anger", alhali sifa ake buƙata: "I got hungry", "She got angry". Juyin wannan kuskure ya fi shi ɓata ma'ana. Wanda ya ce "My brother got a doctor" yana nufin ɗan'uwansa ya zama likita, abin da ya faɗa a zahiri shi ne ɗan'uwan ya samo likita, wataƙila don wani ba shi da lafiya. Idan suna ne zai biyo baya, "became" ce take ɗaukar ma'anar zama: "My brother became a doctor".

A cikin wannan rukuni akwai "get married", wadda take tafiya da "to", ba "with" ba, ko da yake mu muna cewa ya yi aure da wance. Kuma tana nufin ranar da aka ƙulla auren ne kawai, shi ya sa ba a cewa "They got married for ten years", sai dai "They have been married for ten years". Ita kuwa "get used to", wato sabawa, fi'ilin da ya bi ta yana ƙarewa da "ing": "I got used to waking early". Ya kamata kuma a yi hattara da "get lost". "I got lost" na nufin na ɓata hanya, amma idan aka jefa wa mutum "Get lost!" to an ce masa ya ɓace da gani, kuma magana ce ta rashin ladabi.

Ma'anar isa wuri ba ta da wahala sosai. Ana cewa "I got to the station at six", amma "home", "here" da "there" ba sa karɓar "to", don haka "I got home late" ne daidai. Mai koyo yakan kwashi wannan "to" ya liƙa wa "reach" da "arrive", alhali "reach" ba ta buƙatar komai, "arrive" kuma da "at" ko "in" take tafiya.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne inda "get" take nufin sa wani ya yi abu. "I got him to sign the form" na nufin na shawo kansa ya sa hannu, kuma "to" ɗin nan dole ce, ga shi kuwa 'yan'uwanta "make" da "let" ba sa ɗaukarta: "I made him sign", "I let him sign". Yawanci sai a musanya su, a cire "to" inda ake buƙatarta, a sa ta inda ba ta da gurbi. Idan aikin ne abin magana, ba wanda ya yi shi ba, sai a ce "I got my phone repaired", wato na kai an gyara mini waya, saɓanin "I repaired my phone", wanda yake nuna ni na gyara da hannuna. Jerin kalmomin ba ya sauyawa, abin da aka yi wa aikin shi ne a tsakiya, saboda haka "I got repaired my phone" kuskure ne. Amma wannan tsari ba kullum yake nuna niyya ba, domin "He got his phone stolen" na nufin an sace masa waya, ba shi ya sa a sace ba.

Sai ƙananan kalmomin da ake jingina mata su sauya ta baki ɗaya. A abin hawa, bas da jirgin ƙasa da jirgin sama da keke da doki duk "get on" da "get off" ake yi musu, ƙaramar mota da tasi kuwa "get in" da "get out of". Saboda mu sauka muke cewa, sai a ji "get down from the car", wadda mai harshen zai gane amma ba haka yake faɗa ba. "Wake up" farkawa ce, "get up" kuma barin shimfiɗa, kuma mutum yana iya yin ta farko ya daɗe bai yi ta biyu ba. "Get over" warkewa ce daga ciwo ko baƙin ciki, "get by" lallaɓa rayuwa da ɗan abin da ke hannu, "get away with" yin laifi a sha ba tare da hukunci ba, "get rid of" kuma rabuwa da abin da ba a so. Wakilin suna yana da wurin zamansa: "get it back" ake cewa, ba "get back it" ba, amma "get over it" ba ta rabuwa, kuma idan aka ce "get it over with" an koma wata ma'ana, wato a yi abu mara daɗi a gama a huta. A hira kuma "I don't get it" na nufin ban gane ba, "I'll get it" idan waya ta yi ƙara ko aka ƙwanƙwasa ƙofa na nufin ni zan amsa.

Akwai kuma batun inda kalmar ta dace. "Get" ta hira ce da saƙonnin yau da kullum, don haka a wasiƙar hukuma ko rubutun makaranta "I received your letter" ta fi "I got your letter" dacewa, kamar yadda "obtain permission" ta fi "get permission" nauyi. Sai dai na ga waɗanda wannan shawara ta sa suka tsorata da kalmar har suka riƙa maye ta da manyan kalmomi a inda ba sa shiga. Mura ba a yi mata "obtain" ko "receive": ko a takardar neman hutun rashin lafiya, "I got a cold" ko "I caught a cold" ake rubutawa.