Yadda za ka gano asalin gidanku tun tsofaffi na da sauran numfashi

Yawancinmu in aka ce mu jero sunayen kakanni, daga kaka sai uban kaka shikenan mun cije, kuma ba wani abin mamaki ba ne tunda mu ba mu da sunan gida guda ɗaya da ake gada kamar Turawa. Kai Musa Ibrahim ne, babanka Ibrahim Sule, kakanka Sule Garba, kowane ƙarni sunan na sauyawa. Wasu ma a makaranta aka liƙa musu sunan gari, shi ya sa kake jin Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa. To ka ga duk wanda ya ce zai buga sunansa a Google ya ga kakansa ɓata data kawai zai yi. Tarihin gidanku yana bakin tsofaffi ne, musamman mata, kuma kullum ana jana'izarsu.

Don haka fara da gwaggo ko kaka ko wata tsohuwar kishiyar kakarka da aka manta da ita a ƙauye. Maza sun fi riƙe sarauta da gona da rigimar gado, amma wa ya auri wa, wa aka saka, wa aka ba wa riƙo, wa ya sha nonon wa, wannan fannin mata ne. Ka tafi da ɗan goro ko sabulu ko turare, ka nemi izini kafin ka kunna rikodin a waya, ka ajiye wayar gefe kada ka cusa mata a baki kamar ɗan jarida. Kuma kada ka je da takardar tambayoyi ashirin, hira za ka yi, in ta kauce ta shiga labarin wata akuya da aka sace ka bar ta, sau da yawa a irin nan ne sunan da kake nema ke faɗowa.

Abin da ya fi ba mutane wahala shi ne shekaru. In ka ce “Hajiya a wace shekara aka haife ki” amsar ita ce “ɗan nan mu ina muka san wannan”. Sai ka juya tambayar, ka ce “Hajiya lokacin da aka kai ki ɗakin Malam wane sarki ne a kan gado?” ko “da aka canja kuɗi kin haifi Baffa?” Nan za ka ga ta gyara zama. Kai kuma dama ka haddace ma'auninka. A Kano misali Turawa sun shigo a 1903 zamanin Sarki Alu, Abbas ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, Sanusi na ɗaya zuwa 1963, a shekarar kuma Ado Bayero ya hau bayan ɗan gajeren zamanin Muhammadu Inuwa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, yunwar da ake kira Kakalaba 1913 zuwa 1914 ce, yaƙin Hitila 1939 zuwa 1945, zuwan Sarauniyar Ingila 1956, Biyafara 1967 zuwa 1970, naira ta maye gurbin fam a 1973. In an ce maka kakan babanka ya gudu daga garinsu lokacin basasar sarautar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa, to kana maganar 1893 zuwa 1895 kenan. Kowane gari ya yi nasa jerin, Bakatsine da sarakunansu Dikko da Nagogo zai auna.

Sai matsalar suna, wadda in ba ka yi hankali ba za ka rubuta mutum ɗaya sau uku a bishiyarku. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba ko na ɗan farinta saboda alkunya, sai dai ta ce Malam ko mai gidan nan ko “wannan yaron”, kada ka matsa mata, tambayi wani daga baya. Duk wanda ake ce wa Abba ko Baba ko Ummi a gida galibi sunan wani babba ya ci, ka tambaya sunan wa aka mayar, ka samu kaka ɗaya a kyauta kenan. Laƙabi ma yana ba da labari: Tanko ya biyo bayan mata, Kande ta biyo bayan maza, Gambo yana bin tagwaye (to ina tagwayen, sun rayu?), Ajuji da Ayashe alamar uwar ta yi ta binne 'ya'ya kafin su. Kowa ka rubuta masa sunan yanka da laƙabi da sunan uwarsa, wannan na ƙarshen dole ne a gidan da ake da mata huɗu da Muhammadu biyar.

Daga nan ka dubi unguwar da gidanku na gado yake. A cikin birnin Kano unguwanni da yawa sunansu kaɗai ya ba ka rabin amsa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Sharifai, Agalawa, ga Ayagi da aka sani da zuriyar Yarabawa, ga Madabo ta Wangarawa malamai. Tambayi irin zanen da ke fuskar kakanni tunda yanzu kusan an daina yi, tsohon wanzami zai gaya maka askar su waye. Tambayi su wa kuke wasan barkwanci da su, in gidanku na tsokanar Barebari ko Yarabawa tun kaka da kakanni akwai dalili. Sana'a ma haka, in an ce kakanku fatake ne masu zuwa Gwanja sayen goro to kada ka yi mamaki in kana da dangi a zangon Kumasi ko Salaga, in kuma an ce wani ya tafi Makka a ƙafa bai dawo ba, ko ya bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas a 1903, ka sa ido kan Sudan, garin Mai Wurno ma ɗan Attahirun ne ya kafa shi.

Takardu su ne na ƙarshe kuma kada ka sa rai da yawa. Fara da na gida, adakar kaka, gafakar malam, domin malamai kan rubuta ranar haihuwa da rasuwa a gefen littafi ko bayan Alƙur'ani da ajami ko Larabci. Shekarar Hijira za ka gani, in kana son mayar da ita ta Turawa ka raba ta da 33, ka cire abin da ka samu daga cikinta, ka ƙara 622, misali 1321 za ta ba ka 1903. Sai rasitin haraji, takardar gona, takardar rabon gado daga kotun alƙali, tsohon fasfon aikin hajji, takardar sallamar soja. Duk abin da ka gani ɗauki hoto a nan take, kada ka ce a ba ka aro, daga nan ake fara faɗa.

In ka ƙare da gida ka je wurin mai unguwa ko dagaci da gaisuwarka, “ranka ya daɗe, jikan wane ne na gidan kaza”, su sun san wanda ya sari wace gona. Bayan haka akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna inda rahotannin da Turawan mulki suka rubuta kan gundumomi don yanka haraji suke, akwai Arewa House a tsohon gidan Sardauna wadda aka buɗe a 1970, a Kano akwai Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama, a Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Gaskiya in kakanka ba mai sarauta ko alƙali ko babban attajiri ba ne da wuya ka ga sunansa, amma za ka samu labarin ƙauyenku, su wa suka kafa shi, daga ina suka taso, sai ka gwada da abin da gwaggo ta faɗa.

Wani abu kuma, kowa so yake a ce shi jikan sarki ne ko sharifi ko daga Yaman aka zo, kuma maroƙi in ka ba shi dubu biyar zai haɗa ka da duk wanda kake so. Labarin da ba ka ji daga baki biyu da ba su haɗa kai ba ka rubuta “an ce” a gabansa tare da sunan wanda ya faɗa. Za ka iya cin karo da abin da ba a son faɗa, kakar da aka kamo a yaƙi, zaman rinji wato ƙauyen bayi, kakan da bai yi sallah ba, ɗan da aka yi ta gardama a kansa. Wannan ka rubuta a littafinka amma kada ka watsa a guruf ɗin WhatsApp na dangi sai ka shawarci manya, musamman in ya taɓa gado. Rikodin ɗin kuma ka sa wa kowanne sunan mai magana da kwanan wata, ka tura kwafi ga 'yan uwa biyu ko uku ka kuma ajiye a imel, don waya tana faɗawa ruwa ko a fizge ta a Kantin Kwari.