Yadda ake tono tarihin ƙauyen da Yamai ta haɗiye

Shekara tara ina haya a Gudel kafin na gane ba unguwa ce kawai ba. Ƙauye ne na Zabarmawa mai gonakinsa da maigarinsa, kamar Gamkalle da Saga, birni ne ya zo ya same su. In kana son sanin asalin irin wannan wuri, ga hanyar da ta fisshe ni.

Fara da ƙofar maigari. Je bayan la'asar, da goronka, da ɗan unguwa mai jin Zabarmanci ko da tsofaffin na jin Hausa, don labarin kakanni ya fi fita da harshen da aka ji shi. Ka gaisa, ka faɗi ko kai ɗan wane ne, ka tafi. Tambaya sai zuwa na biyu.

Kada ka ce "Baba, a wace shekara?" Ba haka suke ƙirga ba. Ka ce, kafin gadar Kennedy, wadda ta ƙetare kogi a Yamai, ne ko bayanta? An buɗe ta a 1970, ka ga ka sami ma'auni. Haka farin 1973 da yunwar 1984. Abin da suka ji daga iyayensu kuwa, auna shi da 1926, lokacin da Turawa suka maido babban birni daga Damagaram zuwa Yamai.

Sannan ka roƙi a zaga da kai a ƙafa. Tsohuwar maƙabarta, mashigin jiragen ruwa a bakin kogin Isa (wato Kwara), wurin masallacin farko, rijiyar da aka cike. Wata tsohuwa ta tsayar da ni gaban wani shagon gyaran babur, ta dafa bango ta ce nan rumbunan geronsu suke. Kada ka tsallake mata, su suka riƙe wanda ya auri wa, da gidan da ya fara sara daji.

Takardu daga baya: gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa, da cibiyar bincike ta jami'ar Yamai da ake kira IRSH, mai rubuce-rubucen Larabci da ajami. Nemi sunan da rubutun Faransanci, Goudel, in ba haka ba ka wuce shi ba ka sani ba.

Ka naɗi murya da izini, ka kwafe ta wuri biyu tun daren. Ni na yi sakaci, salulata ta faɗa ruwa da hirar wani dattijo ta awa biyu a ciki. Da na koma bayan salla, an yi masa sadakar arba'in.